Fitilar Motar Martins

Gawar Martins ba ta dawo gida ba. A can Ingila aka binne shi, cikin watan Nuwamba na 1988, bayan ciwon huhu na mako biyu. Abin da iyayensa suka samu a Kafanchan wasiƙa ce daga wani fasto, da hoton kabari mai jiƙaƙƙiyar ciyawa. Bayan wata uku sai ga saƙo daga tashar jirgin ƙasa, wai akwai akwatuna bakwai da sunan Abednego, a zo a ɗauka.

Abednego, uban Martins, ya yi shekara talatin da ɗaya yana aikin fita, wato makanike, a loko, ma'aikatar gyaran jirgin ƙasa, yana gyaran kawunan jirgi masu cin gawayi, har aka daina yayinsu shi ma ya yi ritaya. Ya san abin da ke cikin akwatunan, don shekara biyu Martins ba shi da wani zance a wasiƙa sai wannan. Wai a ƙasar akwai ƙananan kamfanoni masu sayar da motar gudu gunduwa-gunduwa, mutum ya kai gida ya haɗa abarsa da hannunsa. Martins ya je da ƙafarsa ya ga inda ake yi, ya ce wurin bai fi rumfa ba a bayan wata gona, ya zaɓi koriya. Da aikin da yake yi a garejin motocin haya ya riƙa saye, yau ƙarfen gindi, wata mai zuwa tayoyi, ya samo injin wata ƙaramar mota ya sabunta shi da kansa. Shirinsa shi ne ya dawo da Kirsimeti su haɗa ta shi da Baba. Ya sa kayan a jirgin ruwa a watan Oktoba, sannan ya kwanta.

Akwatin da ya fi tsawo mutum shida suka ɗauko a kafaɗa. Da suka ratso dandamalin tasha, waɗanda ke jiran jirgin Jos suka riƙa cire hula. Hulda, uwar Martins, tana tsaye a ƙofar gida aka sauke shi daga amalanke. Ta dube shi, ta zauna a ƙasa inda take. Tun daga ranar ba ta ƙara bi ta bayan gida ba, inda aka jera akwatunan a rumfar kwano.

A danginsu, can ƙauyensu a gindin duwatsu bayan Kagoro, idan mutum ya mutu bai bar mata ko ɗa ba, ajiye kayansa ake yi har shekara ta zagayo. A yi addu'a, a shimfiɗa tabarmi, babban gida ya baje kayan, kowa ya tafi da abu ɗaya wanda zai riƙa gani yana tunawa. Ba kwaɗayi ba ne. A wurinsu wanda aka hana rabonsa kamar an ce masa mamacin ba nasa ba ne. Babban gida kuwa yayan Abednego ne, tsoho mai sanda, wanda kowa ke kira Dattijo. Ya zo gari a watan Maris, ya sa aka buɗe masa akwatunan, ya riƙa leƙawa yana rabo da baki. Injin zai niƙa wa ƙauye masara da citta. Kujerun nan biyu na gwaggwannin yaron ne. Batir na mai rediyo, tayoyi na masu amalanke.

"Yaya, mota ce," in ji Abednego. "Abu ɗaya ne."

"Ni akwati bakwai na gani."

"Yaron ya ce mu haɗa ta."

Dattijo ya dangwali wata taya da sandarsa. Shi ya goyi Martins ranar da aka kai shi makaranta, ba mugun mutum ba ne. Can ya ce, "To, ji nan. Ranar addu'a, in ta shigo ƙauye da ƙafarta, mota ce, ta uba ce, ba mai taɓa ta. In kuwa a bayan akori-kura ta zo, ko da turi, ƙarafa ne. Za a raba."

Washegari Abednego ya fito da akwatin sifanunsa.

Abin da ya fara ba shi mamaki rashin nauyi ne. Ƙashin motar gaba ɗaya, wasu siraran bututu da aka yi wa walda kamar kejin kaji, shi kaɗai ya ɗaga gefe guda da hannu ɗaya. Ga fallayen alminiyum da za a lulluɓe shi da su, kamar murfin tukunya. Ga hanci da madigadi da wani lanƙwasasshen allo da ke riƙe da agogunan gaban direba, duk an yi musu koren fenti mai sheƙi. Al'adar fita ce ya ƙwanƙwasa ƙarfe da 'yar guduma ya saurara, don lafiyayyen ƙarfe yana amsawa, mai tsagewa kuma muryarsa a dishe take. Ya ƙwanƙwasa korayen nan, ba su ce komai ba. Ya ɗauka wani sabon ƙarfe ne Turawa suka gano bayan ya bar aiki. Ba ƙofa, ba rufi, kujera biyu kacal, sitiyari a dama irin na da. In mutum ya zauna zai iya miƙa hannu ya taɓa ƙasa.

A cikin akwati na huɗu ya sami littafin haɗi. A rana ta uku ya ɗaure wani noti irin ɗaurin da ya saba, sai ya ji ƙas, ƙarfen ya tsinke a hannunsa. Ya buɗe littafin yana neman sunan abin da ya karya, sai ya ga rubutun fensir a gefen shafi, da Hausa, da hannun da ya sani.

"Baba, wannan ba loko ba ne. In ka ji ya kama, ka tsaya."

Ya daɗe zaune a kan akwati da littafin a cinyarsa. Sannan ya duba 'yan shafukan gaba, ya ga kusan kowane shafi da irin wannan. Wani wuri an rubuta a shafa mai tukuna. Wani wuri an ce zanen Turawan ya juye, a bi nasa. A wurin sa giyabos an rubuta, "A nan za ka yi zagi. Yi a hankali, Mama tana ji." Ya kuwa yi zagin, a hankali. A wurin kujerar direba an ce a ɗaure ta a ramin ƙarshe, don ƙafafunsa sun fi na Baba tsawo. Abednego ya ɗaure ta a ramin ƙarshe, ko da yake ya gwada ya ga da ƙyar yatsunsa ke taɓo kuloci.

Haka damina ta same shi ta kusa wucewa. Ya huda ramuka sun fi ɗari biyar, ya buga ƙusar ribit a kowanne har tafin hannunsa ya yi kanta sabuwa a kan tsohuwa. Ya hana kansa karanta shafin gobe, don kullum da safe ya tarar da sabuwar magana tana jiransa. Wani lokaci yakan amsa da ƙarfi, ya ce na ji, ko ya ce kai ma ba ka iya ba. Hulda tana jiyo shi daga madafi, ba ta tambaya. Ita tun zuwan wasiƙar ta daina waƙa a zumuntar mata, abinci kuma sai ta juya cokali ta ture.

A shafi na sittin da huɗu rubutun ya ƙare. Nan ne babin wayoyi ya fara. A saman shafin akwai ɗan ɗigon fensir, kamar an ɗora za a rubuta sai aka kira mutum. Daga nan har bangon baya gefen takarda fari ne fat.

Abednego bai san wutar lantarki sosai ba, mutumin tururi ne. Abin da ya sani guda ɗaya ne: a kan jirgi, baƙar waya ko'ina ka ɗaure ta daidai ne, tunda duk jikin ƙarfe ne. Ya bi launuka yadda zane ya nuna, ja da ja, kore da kore. Baƙaƙen da suka rage a gaba, har da mai kaurin da ta fito daga batir, ya tattara su ya ɗaure a wani ƙaƙƙarfan noti da ke jikin koren allon nan na gaban direba. Ya ji ya kama, ya tsaya.

Ranar da zai fara murɗa makulli, wata Talata ce a ƙarshen Oktoba, da la'asar. Hadari ya haɗo daga wajen duwatsu, rumfar ta yi duhu kamar an rufe tukunya. Hulda ta fito kwashe shanya, ruwa ya tsinke mata a tsakar gida, ba inda ya fi kusa sai rumfar. Ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa rungume da kaya, ta juya wa motar baya.

Ya murɗa. Injin bai ko motsa ba. Sai dai daga can baya, wajen tankin mai, aka ji tak. Shiru. Tak. A daidai kowane tak, 'yar fitilar da ke kan madigadin hagu, ɓangaren fasinja, sai ta kawo wani jan haske mai rauni, ya kumbura a hankali, ya koma. Ya duba makunnin fitilu, a kashe yake. Ya zare makulli, ta mutu. Ya mayar, ta dawo, tana yi kamar numfashin mai barci.

Bai san Hulda ta juyo ba sai da ya ji kayan shanya sun zube.

"Haka yake buga ƙofa," ta ce. "Da yatsa ɗaya."

"Famfon mai ne, Maman Martins."

"Sake."

Ya sake.

Tun daga ranar, kullum in la'asar ta yi sai ta shigo, ta tuɓe takalmi, ta tattare zane ta ƙetara gefen motar ta zauna a kujerar fasinja. Shi kuma ya murɗa makulli ya fita waje ya ba su wuri. Yana jiyo ta tana ba da labari: wance ta haihu, an sauya fasto, mangwaron da Martins ya dasa ya yi fure ba lokacinsa ba. Ta fara cinye tuwonta. Ran Lahadi ya ji muryarta a cikin waƙa, ƙasa-ƙasa.

Da safe kuwa shi yana fama. Ya kai batir caji sau biyu. Ya kwance kik, na'urar tayar da inji, ya goge ya mayar, ya wanke kafireto, ya sauya fulogi da ba su taɓa aiki ba. In ya murɗa, ba komai sai tak da jan hasken. Shi da ya yi rayuwarsa cikin ƙarfe ya fara gudun juya wa fitilar baya. Saura kwana tara addu'a, ya sa hularsa ya nufi tashar mota, wurin Mahfuz.

Mahfuz Bafillace ne daga Godogodo, sa'ansa, wanda ya yi aikin wuta a loko zamanin da kawunan dizal suka zo, daga baya ya buɗe rumfar rewaya. Shekara ashirin suna cin rogo a kwano ɗaya. Amma tun rikicin da aka yi a garin a 1987, wanda ya ci rumfarsa ta farko, bai ƙara taka unguwar su Abednego ba, Abednego ma bai taka tasu ba. Ba faɗa suka yi ba. Ƙafa ce ta yi nauyi. Mahfuz ya saurari bayanin har ƙarshe bai ɗago daga abin da yake gyarawa ba, sannan ya ɗauki wani ƙwan fitila mai wayoyi biyu ya jefa a aljihu.

"Kaɗo da waya," ya ce. "Mu je in ga ɓarnar."

Ya zagaya motar sau biyu yana dariya, ya tambaya ko sauran rabin yana hanya. Ya ɗan taɓa nan da ƙwan fitilarsa, ya taɓa can, ya sa kai ƙarƙashin allon. Ko minti goma bai yi ba ya fito, ya ƙwanƙwasa koren allon da farce.

"Oga Fita, mene ne wannan?"

"Ƙarfen Turawa."

"Faiba ne. Zaren gilashi da gam. Da ka ɗaure a jikin ƙwarya duk ɗaya." Ya yi masa bayani cewa wuta in ta fita daga batir dole ta koma batir, kuma ta ƙashin mota take komawa. Shi Abednego ya toshe mata babbar hanya, sai ta sami 'yar kafa ta cikin wannan fitila tana tsiyaya. Ba ta isa ta juya inji ba, iyakarta ta ɗan motsa famfo ta ɗan ɗumama ƙwan fitila. "Miƙo sifana mai lamba goma sha uku. Minti biyu."

Abednego ya riƙe masa wuyan hannu.

Mahfuz ya dube shi. Ya dubi kujerar fasinja, inda aka shimfiɗa ɗan zane aka ninke, da littafin waƙoƙi a kai. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya zaro wuƙar aljihu, ya sunkuya, ya kankare baƙin fenti a jikin ɗaya daga cikin bututun ƙashin motar, kusa da wani rami, har farin ƙarfe ya fito kamar girman sisi.

"Ga wurin," ya ce. "Na goge maka. Amma injin da bai taɓa tashi ba yana son kwanaki, ka sani."

Da la'asar, kafin ya murɗa makulli, Abednego ya faɗa wa Hulda duka, da faiba da hanyar wuta da kuskurensa. Ta bar shi ya gama.

"Shekara talatin da biyar ina auren fita," ta ce. "Kana tsammani ban san waya ce ba? Abin da nake tambaya, duk notin da ke motar nan, me ya kai hannunka wancan?"

Ya ce mata in bai ɗaure wayar ba za a raba motar, fitilar ma ta bi madigadi zuwa gidan wani. In ya ɗaure, motar za ta rayu, fitilar ba za ta ƙara yin haka ba. Kuma yana buƙatar kwanakin nan don gwaji.

"Ba a ba ni gawa na wanke ba, Baban Martins," ta ce. "Ka bar mini kwanakin."

Ya san abin da yake sawa a caca. Ya murɗa makulli, ya fita.

Ranar addu'a, gari na wayewa, suka shiga rumfar tare cikin kayan coci. Ta zauna, ya murɗa, ta kalli hasken ya kumbura ya koma kamar sau goma. Ba ta ba da labari ba yau. Ta ɗora tafin hannunta a kan ƙwan, jan ya fito ta tsakanin yatsunta, sannan ta ce ya kashe. Ita ta riƙe masa wayoyin a kan farin ƙarfen da Mahfuz ya goge, shi ya ɗaure. Da ya sake murɗawa, famfon ya yi tatatata da sauri kamar kowane famfo, fitilar tana nan baƙa, injin ya juya da ƙarfi. Ya juya, ya juya, bai kama ba.

Suna cikin haka sai ga Mahfuz a bakin ƙofa da kwalbar fetur, wai hanya ce ta biyo da shi. Ya ɗiga a bakin kafireto, ya ɗan juya wani abu a gefen inji, ya ce a sake. A karo na bakwai motar ta yi tari, ta yi harbi har kajin maƙwabta suka watse, ta kama.

Hulda ta cusa masa matashi biyu a baya don ƙafarsa ta kai. Suka fita. Mutanen bakin titi suka bar abin da suke yi suna kallon tsofaffi biyu zaune kusan a ƙasa cikin koren abu mai ruri. Bayan Kagoro, inda kwalta ta ƙare, allurar zafi ta haye. Sau biyu yana tsayawa ya ɗebo ruwan rafi da hularsa ya zuba a lagireto. Rana ta yi sama sosai kafin su hau tudun ƙarshe, wanda daga kansa ake hango rufin cocin ƙauye da taron mutane a ƙarƙashin ɗorawa, da tabarmi a shimfiɗe. A kan tudun injin ya yi tari biyu ya mutu. Ya murɗa, ya ƙi.

Ya cire giya ya saki birki.

Waɗanda ke wurin sun ce suna tsakiyar waƙa suka ga abin yana gangarowa ba ƙara ko kaɗan, sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya, Hulda zaune a miƙe da farin ɗankwali tana kallon gaba. Waƙar ta mutu layi-layi. Motar ta wuce rijiya, ta wuce coci, ta ratsa tsakanin mutane a hankali, ta tsaya tayarta ta gaba a bakin tabarma.

Dattijo ya tashi da sandarsa. Ya zagaya ta, ya leƙa bayanta, ya dubi hanya har kan tudu. Ba kowa.

"Wa ya tura?"

"Ba wanda ya tura, Yaya."

Tsohon ya ɗora hannu a kan hancin motar, ya daɗe. "Ta zo da ƙafarta," ya ce. Aka baje riguna da littattafai da agogo da takalma, kowa ya ɗauki nasa.

Abednego a ƙauyen aka haife shi, ya yi kiwon awaki a wannan hanya. Ya san gangaren a rijiya yake ƙarewa, daga rijiya zuwa ɗorawa kuma ɗan hawa ne, wanda ko mai keke sai ya taka. Ya gaya wa kansa motar ba ta da nauyi. Ya sha gaya wa kansa haka. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, bai kuma ƙara gwadawa ba.

Da taimakon Mahfuz, wanda ya koma zuwa duk Asabar, motar ta daidaita. Fitilar tana kamawa in an kunna, tana mutuwa in an kashe. Hulda ta ci gaba da waƙa, ba ta ƙara shiga rumfar da la'asar ba.

Sai wata rana a damina ta gaba, hadari ya haɗo, ta nemi mijinta a ɗaki ba ta gan shi ba. Ta same shi a rumfa, durƙushe a gefen direba, kansa ƙarƙashin koren allon, sifana mai lamba goma sha uku tana kan notin baƙaƙen wayoyi. Bai juya ta ba tukuna. Ta tsaya a kansa har ya ji inuwarta. Sannan ta sunkuya ta zare sifanar daga hannunsa, ta goge ta da bakin zane, ta sa a jakar da take zuwa coci da ita, tsakanin littafin waƙoƙi da hoton kabarin.

"Zo ka taya ni kwashe shanya," ta ce. "Ruwa ya kusa."